Amalanken ɗora bodin Fijo 504: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 7 ga Disamba, 2024

Motar da ake wannan aiki dominta Peugeot 504 ce salun, wadda kowa ke kira Fijo, cikin waɗanda aka haɗa a Kaduna. Tana ajiye a gareji wajen Ƙofar Marusa a Katsina. Tsatsa ta cinye daɓen da ke ƙarƙashin ƙafar direba, ta ci dokin ƙofa na hagu daga gaba har baya, ta kuma fara taɓa gindin ginshiƙin tsakiya. Wani ya taɓa lulluɓe wurin da foti, shi ya sa ba a ga girman ɓarnar ba sai da aka kankare.

Gyara irin wannan yana bukatar a sauke inji da giya da aksil da duk ƙafafun mota. Da zarar an yi haka, bodin ya zama kwanko, ba ya turuwa, ba ya matsawa. Abin da aka saba gani shi ne a jera bulo ko duwatsu a ɗora shi a kai, ya yi wata shida a wuri guda. Bulon siminti mai rami ba ya ba da sanarwa kafin ya fashe, kuma mutum ne a ƙasa. Ban da haka, 504 ba ta da shasi daban irin na a-kori-kura. Daɓenta da dokin ƙofofinta da ginshiƙanta su ne ƙashinta. Idan aka yanke su alhali tana zaune a karkace, sabon ƙarfen da za a liƙa zai kama ta a karkacen, kuma babu mai gyaran bodin da zai iya dawo da ita bayan haka. Ƙofa za ta riƙa cizo, gilashin gaba ya ƙi zama, taya ta riƙa cin gefe guda.

Saboda haka abin da za mu ƙera, wato firam na ƙarfe mai taya da za a ɗora bodin a kai, aiki biyu zai yi: ya gangara da motar inda ake so, ya kuma zama shimfiɗaɗɗen ma'aunin da za a riƙa komawa gare shi. Na biyun ya fi na farko muhimmanci. Yaran gareji sun riga sun raɗa masa suna amalanke, mun bar shi a haka.

Motar tana da tsawon mita 4.49, faɗin mita 1.69, tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.74. Cikakkiyarta tana kai wajen kilo 1,200. Mun ɗauka kwankon da ƙofofinsa ba zai haura kilo 400 ba, amma lissafin duka a kan 600 za a yi shi, don mutum zai hau ciki da kayan aiki, wani kuma zai jingina.

Litinin, 9 ga Disamba

An shiga ƙarƙashin motar da tef da alli. Wurare 4 da za su ɗauki nauyi: a gaba, ramukan da ake ɗaure gadar da ke riƙe ƙafafun gaba a jikin hannayen bodi, a baya, inda hannayen aksil ke ɗaure. Nan ne ƙarfen ya fi kauri, kuma nan ne aka gina motar ta ɗauki nauyi tun asali. Wuraren sa jak na gefen dokin ƙofa ba su shiga lissafi ba, tunda su ne za a yanke.

Girman firam: tsawo mita 2.4, faɗi mita 1.4. Duk mai son yin irinsa ya auna tasa motar, kada ya kwafi namu, domin Fijon da ta yi shekaru tana zirga-zirga tsakanin Katsina da Jibiya ko Kano da wuya a ce ba ta taɓa cin duka an miƙe ta ba. Faɗin kuwa da gangan aka kai shi 1.4. Bodin zai zauna sama da santimita 70 daga ƙasa, kuma amalanke siriri mai kaya a sama, tsakuwa ɗaya ta ishe shi tuntsurewa. Duk da haka bai kai faɗin motar ba, don haka ƙofar da motar ta shiga shi ma zai shiga.

Kayan da za a saya: fayif mai kusurwa 4, 50 da 50, kaurin milimita 3, sanda 2; irinsa 40 da 40, mita 2; ƙarami 25 da 25, sanda 2, na tokare bodi; angul 40 da 40, mita 3; farantin ƙarfe; taya 4 masu juyawa, inci 8; bol da noti M10 da M12, wato masu kaurin milimita 10 da 12, masu lambar ƙarfi 8.8 a kai. Sandar zare M20, mita 1, da notinta. Tsinken walda 6013, geji 12 siriri da geji 10 mai ɗan kauri. Faifan yanka 5, na gogewa 1. Ba mu rubuta farashi ba, tunda na wannan mako ba shi ne na mako mai zuwa ba.

Laraba, 11 ga Disamba

Kauri shi ne inda ake cutar mai saye. Fayif ɗin da aka kira mai milimita 3 sau da yawa 2 ne, wani lokacin ma bai kai ba, kuma bakin sandar ba ya faɗin gaskiya saboda kaifin da yanka ke bari. Sikeli ne ba ya ƙarya. Mita 1 na 50 da 50 mai kaurin 3 yana yin kilo 4 da ɗan ɗoriya, kamar 4.3. Mai kaurin 2 kilo 3 ne. Mai 1.5 bai kai 2 da rabi ba. Wanda bai samu na kirki a cikin gari ba, Ƙofar Ruwa a Kano ba ta rasa shi, sai dai a haɗa da kuɗin mota.

A auna tsawon sandar ma. Ana ce mata mita 6, amma akwai masu 5.8, akwai masu 5.5. Mun tsara yankan yadda ko gajeriyar za ta isa. Sanda ta farko: dogaye 2 masu mita 2.3, da kube 2 masu santimita 35, wato guntayen da ginshiƙan ɗaukar motar za su shiga ciki. Ta biyu: gadoji 2 masu mita 1.4, ɗan tsakiya mai mita 1.3, da sauran kube 2. Jimla mita 10.1, nauyi wajen kilo 43.

An gwada doguwa ɗaya kafin a taɓa walda: aka ɗora bakinta biyu a kan katako, aka aza buhun siminti 2 a tsakiya, kilo 100 ke nan. Ta lotsa kusan milimita 6, da aka sauke ta koma daidai. Wannan ya nuna abu guda: dogayen ba na ɗaukar kaya ba ne, na haɗa gaba da baya ne kawai. Nauyi dole ya sauka a kan gadoji, kusa da taya.

Asabar, 14 ga Disamba

Haɗa firam. Daɓen gareji ba abin amincewa ba ne, ko da ido ya ce a miƙe yake. An ajiye guntayen katako 4 a inda kusurwoyi za su zauna, aka daidaita su da tiyon ruwa irin na magina: tiyo mai haske, mita 6, an zuba ɗan bula a ruwan don ya fito sosai. A kori kumfar iska duka kafin a fara, kuma kada rabin tiyon ya kwanta a rana rabi a inuwa, don ruwa mai ɗumi da mai sanyi ba sa tsayawa kai ɗaya. Kusurwa guda sai da aka yi mata ƙarin milimita 11.

Firam mai 2.4 da 1.4, daga kusurwa zuwa kishiyarta ya kamata ya ba da milimita 2,778 ta kowane ɓangare. Bayan ɗigon walda na farko, ɗaya ya ba da 2,785, ɗayan 2,771. Bambancin 14 ya yi yawa. Dalili: an ɗiga walda ta cikin kusurwa kawai, kuma walda in tana hucewa jan ƙarfe take yi zuwa wajenta. Aka yanke ɗigo 2 da giranda, aka ɗaura igiyar ɗaure kaya mai ƙugiya a doguwar kusurwar aka ja a hankali har awon ya haɗu, sannan aka ɗiga kowace mahaɗa ta fuska 4.

Cikakkiyar walda da geji 10, wuta wajen amfiya 110. Tsarin da aka bi: wajen kusurwa tukuna, sai sama, a juya firam a yi ƙasa, cikin kusurwa shi ne na ƙarshe, don shi ya fi ja. Ba a gama kusurwa ɗaya a wuce maƙwabciyarta. Ana yin layi ɗaya a nan, a tsallaka kishiyarta, a dawo. Aikin ya fi cin lokaci, amma awon ƙarshe ya fito 2,779 da 2,777.

Akwai karkatar da tef ba ya gani, wato murɗewa. Firam na iya cika awon kusurwa alhali kusurwa ɗaya ta ɗaga sama. Gwajinta da zare 2 ne: a ja su a gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa, na saman a ɗaga bakinsa biyu da kaurin zaren. In firam a shimfiɗe yake, za su shafi juna a tsakiya, ba tazara, ba dannawa. Namu ya bar tazarar da ba ta kai milimita 1 ba. An karɓa.

Talata, 17 ga Disamba

Wuta ta zo da rauni duk yini, tsinke sai liƙewa yake yi, waldar tana taruwa a sama kamar kashin awaki ba ta shiga ƙarfe. An kankare layi 2 da aka yi, aka ajiye walda. Aka koma huda.

An yanka ginshiƙai 4 da za su shiga cikin kube, kowanne santimita 45 daga fayif 40 da 40, da ramuka duk bayan santimita 5. A fara da bakin huda na milimita 5, sannan na 13, a hankali, ana ɗiga baƙin mai. Injin huda na hannu in aka sake masa gudu, bakin 13 zai yi shuɗi ya mutu kafin rami na huɗu. A huda kowace fuska daga nata ɓangaren bayan an yi alama da sukwaya. Wanda ya zarce daga fuska ɗaya zuwa ɗayar da hannu, raminsa zai fita a karkace, bol ya ƙi wucewa.

Alhamis, 19 ga Disamba

Taya. An duba iri 3. Tayar baro mai iska ta fi kowacce tafiya a rairayi, amma gareji cike yake da guntun tsinken walda da waya, kuma ko ba ta fashe ba, iskar da ta ragu a ɗaya kawai ta isa ta karkatar da motar cikin dare. Ƙananan masu inci 4 ko 5 da ake sa wa janareto, farantinsu kamar gwangwani ne, kuma duk tsagar da ke daɓe sai sun tsaya a cikinta. Araha ba ta ado. An tsaya a kan inci 8, cikinta ƙarfe, bakinta roba mai tauri, tsayinta da mariƙinta santimita 24.

Yadda ake lissafin ƙarfinta: kada a raba nauyi gida 4. A daɓen da ba daidai ba, ko da yaushe taya 3 ne ke aiki, ta huɗu tana hutawa. Kilo 600 a raba 3, 200 ke nan kowacce. Mun ɗauki masu 300, tunda lambar da ake bugawa a kwali ba a cika samunta a ƙasa ba.

Duka 4 masu juyawa ne. Biyu tsayayyu biyu masu juyawa sun fi sauƙin tuƙi, amma wurinmu matsattse ne, ana bukatar tura motar a gicciye ta manne da bango. Abin da aka sadaukar shi ne mutum ɗaya ba zai iya sarrafa ta ba, sai biyu, ɗaya gaba ɗaya baya.

Ba a liƙa tayar kai tsaye da walda. An yanka faranti 15 da 15, aka huda shi daidai da ramukan tayar, aka liƙa shi ƙarƙashin kusurwa, tayar ta ɗauru da bol M10 guda 4. A lura ramukan kada su faɗa ƙarƙashin fayif, in ba haka ba babu inda noti zai shiga. Bakunan gadoji an toshe su da guntun faranti, don ƙarin ƙarfi da kuma hana rairayi da zanzaro shiga.

Asabar, 21 ga Disamba

Da farko an so a yi ginshiƙai masu zamewa a kan gada, yadda gobe za a ɗora wata motar daban. An fasa. Duk abin da ke zamewa yana iya zamewa ranar da ba a so, kuma ma'auni ba ya son haka. In wata mota ta zo, giranda na nan. An saukar da filam, wato zare mai ɗan nauyi a bakinsa, daga kowane rami na motar zuwa ƙasa, aka yi alama, aka kwashe awon zuwa kan gadoji, aka liƙa kube 4 a tsaye. Kowanne ya sami tokari na angul daga kansa zuwa doguwar gefe, saboda lokacin da taya ta ci karo da dutse, amalanke ne ke tsayawa, motar kuwa tana son ci gaba, kuma gindin ginshiƙi ne ke shan wahalar.

Cikin kube milimita 44 ne, abin da ke shiga 40, saura 4 na wasa. Ga kuma layin ɗinkin fayif ta ciki da sai an goge shi da zarto kafin ya shiga. Wasan nan a sama yana zama girgiza. Maganinsa noti M12 guda 2 a jikin kowane kube, a fuskoki 2 masu maƙwabtaka, bol ya danna na cikin ya manne da kusurwa. A sa bol a cikin notin yayin walda, a shafa masa ɗan mai, in ba haka ba tartsatsi zai cika zaren. Waɗannan na hana girgiza ne kawai. Nauyi yana kan bol M12 da ya ratsa ramin.

Rami duk bayan santimita 5 ba zai ba da daidaiton milimita ba. Don haka kan kowane ginshiƙi an rufe shi da faranti mai noti M20, sandar zare ta shiga, a samanta farantin da zai ɗauru da motar. Zaren M20 zagaye ɗaya milimita 2.5 ne, rabin zagaye 1 da kwata, da sufana 30. Kada sandar ta fito fiye da santimita 4, don tana da ƙarfin ɗauka amma ba ta da na tura ta gefe. In ana son fiye da haka a hau rami na gaba. Noti na biyu yana kulle ta. Tsayi daga ƙasa yana kamawa daga wajen santimita 75 zuwa 90, wanda ya isa mutum ya zauna a kan ɗan benci ya yi walda sama da kansa ba tare da ya kwanta ba.

Talata, 24 ga Disamba

Gwajin kaya, kafin mota ta hau. Katako mai kauri a kan ginshiƙan gaba, wani a na baya, buhun siminti 6 a kowanne, kilo 600. Aka bar shi awa 2, sannan aka tura shi gaba da baya, aka bi da shi ta kan tsagar daɓe da gangan.

Abu 2 suka fito. Farantin taya na gaba ta dama ya lanƙwashe. Da aka auna, milimita 4 ne, ragowar wani aiki da aka ɗauka a kan 6 ne. Taya mai juyawa ba ta zama daidai ƙarƙashin mariƙinta, tana ja baya da kamar santimita 5, saboda haka nauyin yana murɗa farantin ta duk inda ta fuskanta. In ta juya wajen gefen da babu fayif a sama, farantin kaɗai ke riƙe. An cire duka 4, an sa masu milimita 6 na gaskiya, kowanne da ɗan tokari mai kusurwa 3 a cikin lungun firam.

Na biyu, taya ɗaya tana ƙugi tana cijewa in za ta juya. Da aka buɗe, ƙwayoyin boris ɗinta duk sun yi tabon ƙuna. An maƙala wayar da ke komawa injin walda a jikin mariƙin tayar lokacin da ake liƙa tokari, wutar ta bi ta cikin ƙwayoyin. Ba ta gyaruwa, an sayi wata. Daga yau wayar tana maƙale kusa da inda ake walda, a ƙarfen da aka goge, kuma haka za a yi in an koma kan motar.

Alhamis, 26 ga Disamba

An maimaita gwajin, aka bar kayan suka kwana. Babu abin da ya motsa. An goge, an shafa jan fenti mai hana tsatsa hannu 2, da sassafe kafin iskar hunturu ta taso da ƙura, an yayyafa wa ƙasa ruwa tukuna. Cikin ginshiƙi da zare ba a yi musu fenti ba. Giris ma kaɗan aka sa, don a wannan lokaci giris da ƙura in sun haɗu sun zama abin wasa wuƙa.

Asabar, 28 ga Disamba

Yau motar aka taɓa, tana kan tayoyinta tukuna. Tankin mai ya fara fita, da bututunsa, aka kai shi nesa da inda ake wuta. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, tururin ne ke kamawa. Sai batir, kujeru, shimfiɗar ƙasa da wayoyin da suka bi ta dokin ƙofa.

Kafin a ɗaga komai an rubuta tazarar ƙofofi. Gindin bakin huda na 4 da 5 da 6 shi ne ma'aunin: a zura shi a tsagar, wanda ya shiga daidai a rubuta lambarsa a jikin motar a wurin, wuri 3 a kowace ƙofa. Ƙofar direba ta sauka saboda ƙusar maratayinta ta cinye. An canza ƙusar tukuna, don ƙofar da ke lilo ba ta zama shaida.

Tokarin ciki da fayif 25 da 25: daga ginshiƙin gaba zuwa na tsakiya zuwa na baya a kowane gefe, ɗaya a gicciye tsakanin ginshiƙan tsakiya, sai 2 da suka haɗu kamar almakashi daga gindin wannan zuwa kan wancan. Duka ta ciki aka bi da su yadda ƙofofi za su ci gaba da rufuwa. Ƙofofin ba za su fita ba har sai sabon dokin ƙofa ya zauna. Ƙarfen bodi bai kai milimita 1 da rabi ba a mafi yawan wurare, tsinke geji 12 ma huda shi yake yi, don haka an nemi wurare masu ninki kamar kusa da maratayin ƙofa. A ginshiƙin tsakiya an yi amfani da ramin bel ɗin kujera. Zarensa na inci ne, 7/16, ba ya karɓar M10 ko M12. A yi amfani da bol ɗinsa na asali.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Inji da giya sun fita da cen bulok ranar Talata, tare da lagireto da salansa. A 504 farfela tana cikin bututun da ya haɗa giya da baya, saboda haka sai an ja kayan baya sun matsa kafin giya ta saku. Wanda ya manta da wannan zai yi ta fama a banza.

Ɗora bodi: cen bulok mai tan 1 a gaba, jak 2 da katako mai kauri a gicciye a baya. Ana ɗagawa santimita 10, a cusa tsofaffin rim a kwance da katako a kai, a sake ɗagawa. Ba a bar gaba ya fi baya da fiye da taki ɗaya ba, kuma babu wanda ya sa kai a ƙasa har aka gama. Tarin rim ɗin an ajiye shi waje da faɗin mita 1.4, da katakon ya zarce gefen motar, don amalanke ya sami hanyar shiga. An tura shi ta gaba, aka sauke motar a hankali. Ramuka 3 suka hau daidai. Na baya ta hagu ya kauce da milimita 6. Ba a ja motar da ƙarfi don ta bi faranti ba, farantin aka faɗaɗa wa rami. An rubuta kaucewar, domin tana iya zama alamar tsohon duka a wannan kusurwa.

Mutum 2 suka tura ta a kan siminti ba wahala. A tsakar gareji inda rairayi yake, ko inci 8 ɗin nutsewa suka yi nan take. Sai an shimfiɗa katako 4, ana ɗauko na baya ana kai shi gaba.

Talata, 7 ga Janairu

An matsar da motar kusa da bango, aka sake duba tsagar ƙofofi. Ta baya ta hagu, inda aka rubuta 5, ta koma 6 da rabi a sama. Gwajin zare a kan firam ya nuna murɗewar milimita 8. Tayar wannan kusurwa ta faɗa wani ɗan kwari a daɓen, firam ya bi ta, motar da dokin ƙofarta ya ruɓe ta bi firam. Firam shimfiɗaɗɗe irin wannan yana da ƙarfin ɗauka, amma ba shi da ƙarfin ƙin murɗewa, kuma ƙara masa kauri ba zai canza abin sosai ba. Da aka mayar da ita wurinta na da, tsagar ta koma 5. Da a ce an yi walda a wancan wurin, da 6 da rabin ta zauna har abada.

Gyaran: ƙafa 4 masu zare. Guntun fayif mai kauri a gefen kowace kusurwa, noti M20 a ƙasansa, sandar zare santimita 30, da tafin faranti 10 da 10. Sandar da aka saya ba ta isa ba, an ƙaro mita 1. In an kai motar inda za a yi aiki, a sauke ƙafafun har tayoyi su saki ƙasa, a daidaita kusurwa 4 da tiyon ruwa, a ja zare a tabbatar, a kulle. Taya ta tafiya ce kawai. Wannan ya kuma raba mu da dogaro da birkin taya, wanda ke hana gangarawa amma sau da yawa ba ya hana juyawa, ya kuma hana robar yin gefe guda saboda dogon zama. In an tsaya na ɗan lokaci a kan taya, weji gaba da baya.

Alhamis, 9 ga Janairu

Ɗan tsakiya mai mita 1.3 ya tsaya daidai inda mai walda zai ajiye bencinsa. An yanke shi, an liƙa kunnuwan angul a dogayen gefe, ya koma ɗauruwa da bol 2 kowane ɓangare. Ana cire shi in ƙafafu na ƙasa, ana mayar da shi kafin a tura.

An buga layin tsakiya a kan gadoji 2 da ƙusa mai tsini, an ja zare tsakaninsu. Filam daga tsakiyar bodi a gaba ya sauka a kan zaren, na baya ya kauce milimita 2 zuwa dama. An kuma yi wa tafin kowace ƙafa zobe da fenti a daɓe, don in an fita da motar a dawo da ita wuri guda.

Asabar, 11 ga Janairu

Yankan farko. Ƙafafu a ƙasa, tiyo ya nuna kusurwa 4 kai ɗaya, zare ya shafi zare. An cire fatar waje ta dokin ƙofar hagu daga ginshiƙin gaba zuwa na tsakiya, santimita 90, ta hanyar huda ɗigon waldar kamfani da bakin 8 maimakon sara da kurfi, wanda ke miƙar da leɓen da za a sake liƙawa a kai. Ba a taɓa daɓen ba tukuna. Gefe ɗaya ake yi a gama, sannan a taɓa ɗayan, kuma ba a cire doki da daɓe a lokaci guda.

Bayan yankan, tsagar ƙofar direba: 5, 5, 4, yadda aka rubuta ranar 28 ga Disamba. Ta baya: 5, 5, 5. Duka biyun suna rufuwa da turin yatsa 2. Tsayin leɓen doki daga doguwar gefe, a wuri 3, ya yi daidai da na dama cikin milimita 1.

Ƙarfen ciki na dokin ya fi yadda aka zata lalacewa, santimita 40 na ƙasansa duk ya zama gari. Za a lanƙwasa sabo daga faranti mai milimita 1.5 ranar Litinin. Kafin a yanke tsohon, za a ƙara ginshiƙi na biyar na wucin gadi daga doguwar hagu zuwa gindin ginshiƙin tsakiya, shi ma da kan zare M20, a ɗaga shi har ya taɓa kawai ba tare da ya tura ba.